Tsibiran Faralon: A Yi Kallo Daga Jirgi, Ba A Sauka

A birnin San Faransisko, can yammacin Amurka, akwai waɗansu ƙananan jiragen ruwa da su ke tashi da sassafe, tun daga watan Mayu har zuwa Nuwamba. Ba kaya su ke ɗauka ba, ba kuwa kamun kifi za su ba. Mutane su ke ɗauka, maza da mata, kowa ya ƙudundune cikin rigunan sanyi, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Sun biya kuɗinsu domin a kai su wajen mil 30 cikin Tekun Pasifik, su kewaya waɗansu duwatsu, su komo da yamma. Ba wanda zai taka ƙasa a can, gama doka ta hana.

Mai karatu ya yiwu ya ce, wace irin tafiya ke nan, ruwa ya wuni yana jijjiga mutum har sa'a takwas, a kai ƙofar gari kuma a juyo ba a shiga ba? To, bari mu bi jirgin mu gani.

Sunan duwatsun Faralon. Kalmar daga bakin mutanen Sifen ta fito, ma'anarta dogon dutse a tsaye cikin teku. Mutanen ƙasar na asali suna ce da su Tsibiran Matattu, matuƙan jiragen dā kuwa suka sa musu suna Haƙoran Iblis, saboda tsininsu da yawan jiragen da suka farfashe a wurin. Duka-dukansu eka 211 ne, mafi tsawo a cikinsu ƙafa 357. Ba kogi, ba kurmi, sai dutse da iska da hazo.

Da jirgi ya wuce ƙarƙashin babbar gadar nan da a ke kira Ƙofar Zinariya, sai hira ta ragu. Ruwan bakin mashigin ba shi da kirki. Jirgi ya hau, ya gangara, ya karkata, wanda bai sha maganin jiri ba tun da dare yakan yi da-na-sani. Ma'aikatan jirgi sukan ce wa mutum ya fito waje ya sa ido can inda sama ta gamu da ruwa, kada ya shige ɗaki ya sunkuyar da kai. Waɗansu shawarar takan yi musu amfani, waɗansu kuwa sai sun ba teku karin kumallonsu tukuna. Tafiyar takan ci sa'a biyu ko uku.

Hanci ya kan riga ido sanin an iso. Warin kashin tsuntsaye yakan tari jirgi tun duwatsun suna cikin hazo, sa'an nan ƙara ta biyo, kamar ta kasuwa ranar cinta. Sai hazo ya yaye, ka ga dutse baƙi ƙirin daga sama har ƙasa. In ka ɗaga madubi sai ka ga ashe baƙin nan motsi ya ke yi. Tsuntsaye ne, kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ke tara su

Me ya kawo wannan taro a kan dutsen da ko ciyawar kirki babu? Abinci ne, asirinsa kuwa yana cikin iska. Da bazara iska mai ƙarfi takan taso daga arewa maso yamma, ta bi gaɓar Kalifoniya, ta ture ruwan sama-sama zuwa cikin teku. Sai ruwa mai sanyi na can ƙasa ya hau ya maye gurbinsa, yana ɗauke da taki, watau ruɓaɓɓun abubuwan da suka nutse tun da daɗewa. Da takin nan ya gamu da hasken rana, sai waɗansu tsire-tsire ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, su yaɗu har ruwa ya yi kore. Waɗansu 'yan halittu masu kama da jatan lande, a na ce da su kiril, su ci tsiren. Ƙananan kifaye su ci kiril. Tsuntsaye da manyan dabbobin ruwa kuwa su ci duka biyu. Ba nisa bayan tsibiran ƙasan teku ta zarce cikin zurfi na dubban ƙafa, shi ya sa wurin ya zama mahaɗa.

Irin tsuntsayen teku 13 ne su ke yin ƙwai a Faralon. In aka ɗebe Alaska da Hawai, babu wani wuri a Amurka da ya kai shi tarin tsuntsayen teku masu ƙwai. Akwai fafin mai jan baki da tukku biyu rawaya, kamar wanda ya yi ado zai tafi biki. Akwai gal, farin tsuntsun nan mai yawan kuka, ɓarawon ƙwai ne na sosai. Amma mai gidan wurin shi ne wanda mutanen Ingila su ke kira gilimot.

Gilimot ya kai girman ƙaramar agwagwa, bayansa baƙi, cikinsa fari, yana tsayawa a miƙe kamar mutum. A sama ba gwani ba ne, sai ya yi ta kaɗa fiffike da sauri kafin ya ɗaga. A cikin ruwa kuwa, nan ne fagensa. Da fiffiken nan ya ke iyo, yana iya nutsawa fiye da ƙafa 500 bayan kifi. Ba ya yin sheƙa. Macen takan sa ƙwai ɗaya tak a shekara, a kan dutse tsirara, ita da namijin su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci. Ƙwan yana da tsini a gefe guda, kowace mace kuma da irin zanen nata, da haka ta ke gane shi cikin dubbai. Sa'ad da ɗan ya yi kamar mako uku, tun bai iya tashi ba, sai uban ya sauka ruwa ya yi ta kira. Ɗan ya zo bakin dutse, ya yi tsalle. Daga nan uban ne zai yi ta yawo da shi cikin teku yana ciyad da shi har wata ɗaya ko biyu.

Yaƙin ƙwai

Wannan ƙwai ɗaya tak shi ya kusa ƙarasa su. A 1848 aka sami zinariya a Kalifoniya. San Faransisko, wadda mutanenta ba su wuce 1,000 ba, kafin ƙarshen 1850 ta kai wajen 25,000. Baki ya yi yawa, kaji kuwa babu. Har ƙwan kaza guda ya kai dala ɗaya. A 1849 wani mai sayad da magani ya shiga jirgi da surukinsa suka tafi Faralon, suka ciko shi da ƙwan gilimot. Ko da ya ke rabi ya farfashe a hanya, abin da ya ragu ya kawo musu dala 3,000. Labari ya bazu. A 1851 mutum shida suka kafa kamfanin ƙwai, suka ce tsibiran nasu ne.

Ƙwan gilimot ya yi biyun na kaza, gwaiduwarsa ja-ja ce, masu yin burodi da kek suna sonsa. Ga yadda a ke ɗibarsa. Ranar farko ma'aikata su bi dutse su farfasa dukan ƙwan da suka tarar, domin ba su san wanda ya kwana biyu ba. Tsuntsuwa in ta rasa ƙwanta takan sake yin wani. To, wanda aka tarar kashegari sabo ne, sai a kwashe. Ta sake yi, a sake kwashewa. Ma'aikatan suna sa wata riga mai babban aljihu, su cika ta da ƙwai, su gangaro kan dutse mai santsi, gal suna saran kansu. Waɗansu sun zame sun faɗa teku, ba a ƙara ganinsu ba.

Inda riba ta ke, nan rigima ta ke. A watan Yuni na 1863 waɗansu mutane fiye da 20 suka zo cikin jirage uku da bindigogi domin su ƙwace wurin daga hannun kamfani. Aka yi harbe-harbe, mutum biyu suka mutu, ɗaya daga kowane gefe. Har yau a na kiran wannan Yaƙin Ƙwai. A 1881 gwamnati ta kori kamfanin daga tsibiran, amma ɗiba ba ta tsaya nan da nan ba. An ƙiyasta ƙwai miliyan 14 aka kai kasuwar San Faransisko tsakanin 1849 da 1896. Abin da ya kashe cinikin daga baya, gonakin kaji ne da aka buɗe a arewacin birnin, ƙwan kaza ya yi araha.

Kafin a fara ɗiba, gilimot na Faralon sun kai 400,000, waɗansu masana ma sun ce sun fi haka nesa. Da aka daina, sai wata masifa ta karɓa, watau man da jiragen ruwa su ke zubarwa in suna wanke tankunansu. Tsuntsun da mai ya taɓa, gashinsa ba ya ƙara tsare ruwa, sanyi ne zai kashe shi. A 1959 aka ƙirga, aka tarar saura wajen 6,000.

Ba tsuntsaye kaɗai aka yi wa haka ba. Tun farkon ƙarni na 19 mafarauta daga Boston da Rasha suka karkashe wata dabbar ruwa mai laushin gashi, irin wadda a ke kira sil, saboda fatarta, har ba ta ragu ko ɗaya a tsibiran ba.

Gyara ya zo sannu-sannu. A 1909 Shugaba Tiyodo Rusabelt ya sa hannu a kan dokar da ta keɓe tsibiran arewa domin tsuntsaye, a 1969 aka haɗa da na kudu. Daga 1968 masana halittu suka fara zama a babban tsibirin, 'yan kaɗan a lokaci guda, suka yi fiye da shekara 50 suna ƙirga tsuntsaye da dabbobi suna rubutawa. Su ma shigarsu ba sauƙi, gama babu matsayar jirgi. Injin ɗaga kaya ne ya ke sunkuto ƙaramin kwalekwalensu daga ruwa ya ɗora a kan dutse. Aka kawad da zomaye da kyanwoyin da masu tsaron fitilar jirage suka kawo. Aka hana irin tarun da ya riƙa shaƙe gilimot dubbai a shekarun 1980. Akwai kuma wani mai da ya riƙa fitowa kowace hunturu yana kashe tsuntsaye, aka yi shekaru a na neman tushensa. Sai a 2002 aka gane daga wani jirgin kaya ne da ya nutse tun 1953, aka aika masu nutso suka zuƙe abin da za su iya.

Yanzu gilimot na Faralon sun haura 250,000. A 1996 kuma aka ga jaririn sil mai laushin gashi a tsibiran, na fari bayan fiye da shekara 150. Baƙin dutsen nan mai motsi da ɗan kallo ya ke gani ta madubi, abin da ya komo ke nan bayan da aka ɗauke ƙafar mutane daga wurin. Saboda haka ne jirgi ba ya matsawa kusa da ƙafa 300 a wuraren da a ke kwanci. In gilimot suka firgita suka tashi gaba ɗaya, kafin su komo gal sun shanye ƙwan.

Manyan baƙi

In an gama kewaya tsibiran, ruwa kuwa ya yarda, sai matuƙi ya miƙa yamma wajen zurfi. Nan kowa yakan yi tsit yana duban ruwa. Abin da a ke nema wani farin tururi ne da ya ke tashi tsaye ya watse. Wannan numfashin dabbar nan ce da Turawa su ke kira wel.

Mutane da yawa suna ce da shi kifi, amma ba kifi ba ne. Da huhu ya ke numfashi kamar saniya, jininsa da ɗumi, macen tana haihuwa ta ba da nono. Hancinsa a bisa kansa ya ke. In ya taso daga nutso sai ya fesar da iskar da ya riƙe, ita ce tururin da a ke hange. Wanda iska ta kaɗo masa tururin nan ba ya mantawa da warinsa, kamar na ruɓaɓɓen kifi.

Wanda aka fi gani a Faralon shi ne wel mai doro. Tsawonsa ƙafa 40 zuwa 50, nauyinsa wajen tan 30 ko fi. Fiffikensa na gaba sun kai sulusin jikinsa. Shi ne ɗan wasan cikinsu: yakan yi tsalle ya fito kusan dukan jikinsa, ya faɗo da ƙara kamar an harba igwa. In zai nutsa yakan ɗaga wutsiya sama, a ƙarƙashinta kuwa akwai zanen fari da baƙi wanda ba wel biyu da su ke da iri ɗaya. Masana suna ɗaukar hoton wutsiyar, da haka suka gane waɗanda su ke kiwo a nan da rani su ne su ke tafiya gaɓar Meksiko da Amurka ta Tsakiya su haihu da hunturu. Irin wannan wel ɗin ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Waɗansu 'yan'uwansa sukan taso daga ruwan ƙanƙara na kudancin duniya su zo haihuwa a tekun da ke gaban Gabon da Nijeriya da Benin da Gana, daga wajen Yuli zuwa Oktoba.

Mai sa'a kuwa yakan gamu da shuɗin wel. Ba a san wata dabba da ta taɓa rayuwa a duniya da ta kai shi nauyi ba. Mafi girma sun kusa ƙafa 100, nauyinsu ya kai tan 150, watau giwaye fiye da ashirin. Tururinsa yakan tashi ƙafa 30. Ba ya wasa kamar mai doro. Abin da za ka gani bayansa ne kawai, yana fitowa yana wucewa, yana wucewa, kamar ba zai ƙare ba, sa'an nan wani ɗan ƙaramin fiffike ya bullo can kusa da wutsiya, ya nutse. Jaririnsa ran haihuwa ya fi ƙafa 20, yana ƙara nauyin kilo 90 kowace rana da nono kaɗai.

Abin mamaki, wannan ƙato ba shi da haƙori ko ɗaya, abincinsa kuwa kiril ne, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A maimakon haƙora yana da waɗansu faranti jere a muƙamuƙin sama, masu geza kamar tsintsiya, irin abin da aka yi farce da shi. Yakan buɗe baki ya afka cikin taron kiril, maƙogwaronsa ya kumbura da ruwa, sa'an nan ya rufe baki ya turo ruwan waje ta cikin gezar, kamar mace tana tace gasara. Abin da ya maƙale ya haɗiye. A rana ɗaya yakan ci tan da yawa.

Su ma da ƙyar suka tsira. A tekun kudancin duniya, cikin kakar farauta ta 1930 zuwa 1931 kaɗai, an kashe shuɗin wel fiye da 29,000 domin kitsensu. Sai a 1966 aka hana farautarsu ko'ina. A nan kusa ma, cikin mashigin San Faransisko, akwai mafautar wel a garin Ricimon wadda ta yi aiki daga 1956, jiragenta suna farauta a kewayen Faralon, naman kuwa a na yin abincin karnuka da shi. Ita ce ta ƙarshe a Amurka, an rufe ta a 1971. Akwai tsofaffi da rai yau waɗanda suka ga a na jan wel ta ƙarƙashin gadar da 'yan kallo su ke bi. Shuɗin wel na wannan gefen Pasifik yanzu wajen 2,000 ne.

A na gargaɗin matuƙa kada su matsa kusa da wel fiye da yadi 100, kada kuma su tare masa hanya. In shi ya ga dama ya zo, wannan ruwansa. Wani lokaci kuwa 'yan kallo sukan ga abin da ba su biya ba. Da kaka manyan kifayen shak farare sukan zo farautar sil a tsibiran. A watan Oktoba na 1997 mutanen wani jirgin kallo suka ga wani irin wel mai haƙora, baƙi da fari, ya kashe shak a gabansu. Bayan wannan sauran shak suka watse daga wurin, ba su komo ba har kakar ta wuce.

Da sauran aiki

Kada mai karatu ya ɗauka an gama. Ƙugiyar mafarauci ta tafi, amma igiyar masunci tana nan. A watan Disamba na 2005 aka sami wata wel mai doro kusa da Faralon, igiyoyin tarkon ƙaguwa sun nannaɗe ta, har ta bakinta, nauyinsu yana janta ƙasa, da ƙyar ta ke ɗaga hanci. Masu nutso suka shiga ruwa da wuƙaƙe, aikin da bugun wutsiya ɗaya ya isa ya kashe mutum. Suka yi kamar sa'a guda suna yanka. Da ta kuɓuta ba ta gudu ba, sai ta yi ta kewaya su, ta zo ta taɓa su ɗaya ɗaya da kanta. Mutanen suka ce su dai kamar godiya suka gani. Wannan ta yi sa'a, gama an gan ta da wuri.

Ga kuma manyan jiragen kaya, waɗanda hanyarsu zuwa tashar San Faransisko da Okland ta ratsa makiyayar wel. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta jirage suna kashe wel wajen 80 kowace shekara a gaɓar yammacin Amurka, yawancinsu kuwa nutsewa su ke yi ba wanda ya gani. A 2013 aka gyara hanyoyin jiragen, a na kuma roƙon matuƙa su rage gudu zuwa wajen mil 11 a sa'a cikin watannin da wel su ke nan. Roƙo ne, ba tilas ba, a ganinmu kuwa nan ne raunin abin ya ke.

Iska ma takan saɓa alkawari. A 2005 da 2006 ba ta taso a kan kari ba, ruwan sanyi bai hau ba, kiril ya yi ƙaranci. Wani ƙaramin tsuntsu mai yin ƙwai a rami, wanda kiril ne abincinsa, ya watsar da ƙwansa kusan gaba ɗaya a shekarun nan biyu.

Sai kuma ɓera. Jiragen ƙarni na 19 ne suka kawo shi, da kaka kuwa yakan yi yawa har a ga ƙasa kamar tana motsi. Waɗansu ƙananan mujiyoyi masu wucewa sukan tarar da wannan liyafa su zauna. Da hunturu ɓeraye su mutu saboda yunwa da ruwan sama, sai mujiya ta juya kan wani ɗan tsuntsu mai launin toka, mai kama da tsattsewa, wanda kusan rabin irinsa na dukan duniya a Faralon su ke ƙwai. A watan Disamba na 2021 hukumar kula da gaɓar Kalifoniya ta amince da shirin watsa gubar ɓera daga jirgin sama. Aka yi gardama mai zafi, masu son tsuntsaye a wannan gefe, masu son tsuntsaye a wancan, waɗansu suna tsoron gal za su ci gubar su kai ta gaɓa.

Wajen ƙarfe biyu ko uku matuƙi yakan juya. Komowa ta fi tafiya sauƙi, gama raƙuman ruwa suna turo jirgi daga baya. Waɗanda suka sha jiri da safe sukan farfaɗo su nemi burodinsu, waɗansu su yi barci a zaune, gishiri ya bushe a fuskarsu. A hanya akan wuce gilimot biyu-biyu a kan ruwa, babba da ƙarami, uba yana kira ɗan yana amsawa da 'yar siririyar murya. In ƙaton jirgin kaya ya bullo daga mashigi, ma'aikatan jirgin kallo sukan bar abin da su ke yi su duba irin gudun da ya ke yi.